Waken Manaja

Shekarar da na dawo gida daga birni, ba da son raina na dawo ba. Shagon buga takardun da nake aiki a ciki ne ya mutu a tsaye. Wuta ba ta zuwa, man janareta ya fi ƙarfin abin da muke samu, sai wata safiya mai shagon ya kira ni ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce in ɗauki tsohuwar kwamfutar cinya da nake aiki da ita, ita ce sallamata. Na hau motar Minjibir da jaka ɗaya, na rungume kwamfutar a ƙirji. Kafin ɗan acaba ya sauke ni a ƙauyenmu labari ya riga ni isa, wai injiniya ya dawo. Difloma ce da ni, ban taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, amma a majalisar ƙofar masallaci ba a tambayar takarda kafin a laƙa maka suna.

Lokacin kuwa ana jin jiki. Taki ya gagari talaka, abinci sai a hankali. Abin da ya fi taɓa noma shi ne shanun huɗa. Mai bijimai biyu ya sayar da ɗaya, mai ɗaya ya sayar ya sayi hatsi, har aka wayi gari garmar shanu guda biyu kacal suka rage a garin. Gero da dawa ba su da matsala, a tsohuwar kunya ake shuka su. Gyaɗa ce mai tsirfa, sai an tayar mata da sabuwar kunya alhali ƙasa na da danshi. Don haka ƙungiyar manoman garinmu ta haɗa ƙarfi ta sayo ɗan ƙaramin injin huɗa, irin wanda mutum ke riƙewa da hannu biyu yana bin sa a baya. Inji ɗaya, gonaki sun haura arba'in. Wanda ya sayar da injin ya haɗa musu da wata manhajar tsara aiki, kuma duk garin babu wanda ya san yadda ake buɗe ta.

Ranar da aka kira ni gaban kwamiti na sa rigar Sallata. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma, na danna nan na danna can, dattawa suka matso suna leƙe. Kafin a kira La'asar na zama manaja. Wallahi da na fito ji na yi kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Wata uku ina zaune ana ce mini injiniya ana ƙunshe dariya, yau ga ni da aiki, kuma aikin da ba wanda ya iya sai ni.

Manhajar nan ta tafi da imanina. Kana zuwa gona ka zagaye iyakarta da waya a hannu, sai ta zana maka gonar, ta faɗi girmanta, ta ajiye ta a taswira. Mako biyu na yi ina yawo a rana tsakanin kargo da sabara, ƙafafuna suka yi furu-furu, ban ko ji ba. Ranar da na gama na danna maɓallin tsara hanya, sai ga wani shuɗin layi ya fito daga rumfar da muke ajiye inji, ya bi gona bayan gona, mafi kusa sannan mai bi mata, ba komawa baya, ba asarar fetur. Na yi kabbara ni kaɗai a ɗaki. Matata ta leƙo a guje ta ɗauka kunama ce.

Gurbi ɗaya ne na bari ban cike ba. A gaban kowace gona akwai wajen da za ka rubuta ko tana da fifiko, wato a riga yi mata kafin saura. Ina ganin sa na taɓe baki. Na ce wannan ai ƙofar son kai ce, an yi ta ne don masu gari da masu kuɗi. Ni a mulkina babu babba babu yaro, na'ura ce za ta yi hukunci. Na yi ta faɗin haka a majalisa ina jin kaina.

A cikin kwamitin akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, da kowa ke kira Baba. Tun ina yaro shi ke raba ranakun huɗa a zamanin shanu. Bai iya boko ba, bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Da na nuna masa shuɗin layin nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla. To amma ita abar nan, ta san ƙasa?"

Na ce, "Baba, daga sama fa take kallo. Ba abin da ba ta gani."

"Daga sama," ya maimaita. Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa. Ni kuma a zuciyata na ce tsoho ne, an karɓe masa aiki, dole ya ɗan yi ƙorafi.

Yanzu bari in kawo Gwaggo, don labarin nata ne. Ƙanwar mahaifina ce, a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma shekara biyu ke nan ba ta ɗora kasko ba, saboda gyaɗar saye ta fi ƙarfinta. Abin da ta mallaka buhu ɗaya ne na irin gyaɗa da ɓawonsa, ta ɗaure bakinsa ta ɗora a kan dutse a ƙuryar ɗaki. An yi ranakun da gidan ya kwana da ruwan koko, jikokin suna kallon buhun tana kallon su, ba ta kwance ba. Lissafinta a fili yake: in gyaɗar nan ta yi, kasko zai koma kan murhu. Gonarta tana can ƙarshen gari ta hanyar Gezawa, a kan tudu, farin rairayi zalla. Manhaja ta sa ta a rana ta huɗu saboda nisa. Na gani, har na ji daɗi, na ce ga shaida nan ko gwaggota ban fifita ba.

Ruwan da muke jira ya sauka ranar wata Talata da yamma, ruwa na gaske, wanda ya cika kududdufi. Yana tsagaitawa na buɗe kwamfuta. Akwai maɓallin da in ka danna, saƙo zai shiga wayar kowane ɗan ƙungiya a lokaci guda. Na daɗe ina ɗokin ranar da zan taɓa shi. Na rubuta cewa gobe za a fara huɗa, kowa ya shirya iri, na danna. Ina jin wayoyin maƙwabta suna ƙara ta bayan katanga, ni kuwa baki har kunne.

Abin da ban tsaya na tuna ba, ko da yake a garin aka haife ni, shi ne yadda Baba ke aika nasa saƙon. Shi ba ya cewa kowa ya shirya. Mutum uku ko huɗun da layi zai zo kansu gobe kaɗai yake aika wa, ya ce a ɓare gyaɗa. Mata ba sa ɓare iri sai sun ji wannan, domin gyaɗa muddin tana cikin ɓawonta tana jure zafi da jira, amma da an ɓare ta an cuɗa ta da jan maganin ƙwari, to ta tashi daga abinci, ba ta ciyuwa, ba ta sayuwa, kuma in ta daɗe a zafi fatarta na saɓulewa ƙarfinta ya tafi. A garinmu in mai raba huɗa ya aiko maka, ma'anarsa gobe taka ce. Ni kuma na aika wa kowa.

Washegari muka fito da inji. Mai tuƙa shi abokina ne tun firamare, a da acaba yake yi kafin tsadar fetur ta sauke shi, mutum mai baki kamar reza. Gonar farko a shuɗin layi ta wani Alhaji ce, dab da kududdufi, baƙar ƙasa mai laka. Yara da manya suka biyo mu kallo. Inji ya tashi da ƙara, ya yi taku kamar goma cikin izza, sai ya fara nishi. Laka ta cika haƙoransa, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa mana taɓo. Muka tura, muka ja, muka kankare da itace, ya sake tafiya kaɗan ya sake nutsewa. Har rana ta take ba mu yi kunya biyar ba, su ma ba kunyar kirki ba, curin laka ne kawai.

Abokina ya share fuska ya ce, "Manaja, tambayi kwamfutar taka ko tana da igiya."

Aka kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani maƙwabcinmu ne mai sayar da rake, shi ne ma ya fara raɗa mini injiniya. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan mayar masa, sai na hango Gwaggo.

Tafe take daga hanyar tudu da ƙwarya a ka. Tun bayan sallar Asuba tana gonarta tana jiran inji. Maƙwabciyarta ce ta karanta mata saƙona, ita da jikokinta suka zauna suka ɓare buhun nan kaf, ta cuɗa shi da magani. Ta sauke ƙwaryar a gabana. Iri ja wur, tafin hannunta ma ja wur.

Ta ce, "Ɗan nan, na ji ƙarar abin a nan, na ce ko hanya kuka ɓata."

Sai na yi abin da ya fi komai wauta, na buɗe kwamfuta na nuna mata layinta, na ce, "Gwaggo, ke ai rana ta huɗu ce. Asabar."

Ba ta kalli kwamfutar ba, ni ta kalla. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Asabar." Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka.

Baba yana tsaye a gindin wata ɗorawa tun safe. A lokacin ne ya yi magana, ba da ƙarfi ba. Ya ce, "Tudun nan jibi war haka toka ne. In ba a huɗa shi gobe ba sai wani ruwan, wani ruwan kuma Allah kaɗai ya san ranarsa."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro. Buhun da yunwar shekara guda ba ta kwance ba, ni na kwance shi da yatsa ɗaya.

Bayan Azahar na cire girman kai na tafi zauren Baba. Na durƙusa na ce, "Baba, abar nan ba ta san ƙasa ba. Ni ma ban sani ba. A koya mini."

Na zaci zai ja mini rai. Sai ya miƙe ya ce in samo babur. Abokina ya ba mu aron nasa, na goya Baba, kwamfuta a jakar baya, muka shiga gonaki. Duk gonar da muka je sai ya sauka, ya tsuguna, ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo, ya matse, ya buɗe tafinsa. In curin ya wargaje da kansa, ya ce gobe. In ya tsaya da shatin yatsu sai an taɓa shi ya fashe, ya ce kwana biyu ko uku. In ya manne yana ƙyalli, ya ce a bar ta ta sha iska, ko kwana biyar ba ta damu ba. A gona ta huɗu ya ce in gwada. Na damƙo na ce gobe. Ya ce in ƙara zurfi, saman ne ya yaudare ni. A gona ta goma na fara dacewa. A ta ashirin har gardama nake yi masa, yana dariya yana cewa boko ya fara hankali.

Ban san lokacin da tsoron ya koma zumuɗi ba. Ashe gonakin da na yi mako biyu ina zagaye iyakarsu ban taɓa sanin su ba. Gona biyu na jingine da juna, ɗaya rairayi ɗaya jar ƙasa. Wata rabinta na sama ya bushe, na ƙasa na riƙe da ruwa. Duk abin da Baba ya faɗa sai in buɗe gurbin nan da na raina, gurbin fifiko, in sa ɗaya ko biyu ko uku. Wurin da na ɗauka na masu gari ne, ashe wurin ƙasa ne.

Muka dawo gab da Magariba. A zauren nasa na ce, "Baba, kafin in danna, faɗi naka tsarin." Ya rufe ido ya jero gonakin gobe da na jibi daga kansa. Na danna. Shuɗin layi ya goge kansa ya sake fitowa, ya haura tudu kai tsaye. Ina karantawa yana gyaɗa kai, gona bayan gona, kamar tare suka kwana. Wuri ɗaya suka saɓa: manhajar ta ga wata 'yar hanya ta bayan makarantar allo da za ta rage mana zagaye. Baba ya matso da fuskarsa dab da gilashin ya ce, "Kai! Ja'ira. Wannan hanyar ai da jaki kawai muke bin ta." Na yi dariya har da hawaye.

Sai dai sabon tsarin ya zo da nasa. Gonar da ta fi kowace bushewa ba ta Gwaggo ba ce, ta mai raken nan ce da ya fi kowa yi mini dariya. Tasa ce farko, sai ta wani malamin makaranta, Gwaggo ta uku. Na kalli gurbin na daɗe. Lamba ɗaya zan canza ta koma ta farko, ba kuma wanda zai sani. Baba yana kallona ta gefen ido, bai ce yi ba, bai ce bari ba. Na rufe kwamfutar yadda take.

Da safe bayan sallah na tsaya a ƙofar masallaci na ce saƙon shekaranjiya kuskurena ne, ga kuma sabon tsari. Alhajin da aka bar gonarsa da kunya biyar ya ce bai yarda ba, an fara tasa sai a gama, wato don gwaggon manaja na kan tudu shi ne inji zai koma can? Da ma na zo da shirina. Na kwance ƙulli biyu, ƙasar gonarsa da ta tudu. Na ba shi ya matse da hannunsa. Tasa ta manne masa a tafi har sai da ya goge a jikin bango, ta tudu ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya dubi hannun nasa ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma ranar Lahadi ina nan ina jira."

A kan rairayi injin nan ya zama wani abu daban. Gudu yake, ƙasa na tsagewa gida biyu tana kwantawa, kunya miƙe sambal. Abokina har waƙa yake. Muka gama ta mai rake da hantsi, ya kawo mana rake ya ce, "Manaja, sannu da aiki." Ban ƙara jin injiniya a bakinsa ba daga ranar. Ta malamin makaranta ta fi yadda na zata cin lokaci, bel ɗin injin ya tsinke, muka ɓata awa guda muna gyara. Ina aiki ina kallon rana.

Ba mu isa gonar Gwaggo ba sai bayan Azahar. Saman ƙasar ya yi fari fat. Tana zaune a inuwar kuka da ƙwaryarta, ta rufe ta da tsumma mai danshi. Ban jira Baba ba, na tsuguna na tura hannu. Yatsuna suka wuce zafi, suka wuce bushewa, can ƙasa na ji sanyi. Na damƙo, curin ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya wargaje. Na yi ihu na ce, "Akwai! Tayar da shi!"

Farin rairayi ya rinƙa juyewa yana zama baƙi-baƙi a bayan inji. Gwaggo ta ɗaure zani ta bi kunya, tana saka iri tana rufewa da diddige, jikokinta na biye. Na tuɓe takalmi na karɓi rabin irin na kama kunya ta gaba. Ta dube ni ta ce, "A hankali, ba takarda kake bugawa ba." Muka gama rana na faɗuwa, hannuna ya yi ja irin nata.

Ruwa bai dawo ba sai bayan kwana tara. Kullum da safe sai na je tudun nan kafin in je ko'ina. A rana ta shida ƙasa ta fara tsagewa, a ta bakwai kunyoyi suka yi kore layi-layi, na tsaya a bakin gona ina ta hamdala kamar ni na ƙirƙiro gyaɗa. Amma can saman gonar, wajen da ya fi tudu, kunya bakwai ba su fito ba. Na tona na ga irin ya kumbura ya tsaya, danshin bai kai shi ba. Baba ya duba ya ce da an huɗa ranar Laraba da sun fito. Ranar Laraba kuwa ina bakin kududdufi ina kokawa da laka.

Na je na faɗa wa Gwaggo da bakina. Ta ce ta gani. Da ruwa ya dawo ta samo ɗan wake ta shuka a kunyoyin bakwai, ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai duk wanda ya bi ta hanyar ya tambaye ta me ya kawo wake a tsakiyar gyaɗa, sai ta ce, "A'a, wannan ba nawa ba ne, na manaja ne."

Da kaka gyaɗa ta yi. Wata safiya ina shirin fita na ji ƙamshin da na shekara biyu ban ji ba yana tasowa daga gidanta, ƙamshin tunkuza a kasko. Da yamma ta aiko babbar jikarta da kwano biyu. Ɗaya ƙuli-ƙuli ne, da zafinsa. Ɗayan wake ne, bai kai mudu uku ba, an sheƙe shi tas. Yarinyar ta ce, "Gwaggo ta ce ƙulin kyauta ne, waken kuma haƙƙinka ne, wai kai ka noma."

Matata ta dafa shi da shinkafa, da man gyaɗar Gwaggo. Na ci na ƙoshi, amma kowace loma sai da na tuna kunya bakwai na gyaɗa ne nake ci.